Glenys, Wadda Ta Kai Gonar Ubanta Juma'a

Kafin gari ya waye Glenys Kuchel takan sha shayinta a tsaye, ta cika filas, ta lallaɓa tsohuwar motarta har ta yarda ta tashi. Ta bi hanyar bakin kogi zuwa mayanka, ta sa fararen kaya da takalman roba da hular kwano, ta wasa wuƙarta. Da sarƙar da ke jan nama ta fara tafiya sai ta tsaya a wurinta, inda ƙafafunta suka riga suka lashe siminti, kayan cikin aladu suna zuwar mata a rataye a ƙugiya, maƙogwaro da zuciya da hanta da huhu, ɗaya na bin ɗaya har rana ta take. Aikinta duba nama. Shekara talatin da 'yan kai ta yi a wannan tsayuwar, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ta wanke wuƙar ta ajiye.

Ni ne Merv Schiller, mai babbar motar nan da ke tare muku hanya ta bar ku da wari. Kusan duk aladen da ya ratsa ta gaban Glenys a bayan motata ya zo. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma satin nan murna ta hana ni zama. Matata ta ce tun ranar Litinin nake zagaye gida bakina har kunne ina maimaita mata labari ɗaya, ta ce in je in juye wa jaridar gari ko kunnenta ya huta. To ga shi. Wanda duk ya ga na zuzuta, ya je mayanka ya tambayi mutanen layin yanka.

Mutane sun ɗauka duba nama aikin ido ne. A wurin Glenys aikin hannu ne. Huhu mai lafiya ruwan hoda ne, mai laushi, in ka matsa shi ya dawo kamar sabon burodi. Wanda ciwo ya taɓa, 'yan kunnuwansa na gaba sukan yi duhu su yi tauri har ka rantse hanta ce. Wani kuma yakan manne wa haƙarƙari, sai an yage shi, rabi ya rage a jikin naman. Waɗannan ko ni da nake leƙe daga bakin ƙofa ina gane su. Amma akwai wanda ido ba ya kamawa, ɗan tauri can a kan kunne wanda bai fi ƙwayar wake ba. Saboda irinsa ne Glenys ba ta taɓa barin huhu ya wuce ba ta damƙe shi ba, hagu da dama, komai gudun sarƙa.

Sione Fifita, ƙaton ɗan ƙasar Tonga da ke ciro kayan ciki ya rataya mata, shi ya fi kowa saninta a bakin aiki. Kowane alade yana zuwa da tambarin gonarsu a kafaɗa, sai Sione ya sa tafin hannu ya rufe tambarin don tsokana, ya ce, "Anti, wannan na gidan wa ne?"

Ko ɗaga kai ba ta yi. "Na mutumin nan ne mai sakin labulen rumfa tun sanyi bai shigo ba. Ka ce wa Merv ya gaya masa ya ɗage, aladu ba jarirai ba ne, iska suke so."

Haka na zama ɗan aike ba da shirina ba. In kawo aladu, in koma da saƙo. Wannan ƙura ta yi yawa a rumfarsa, wancan ya cunkusa su da yawa a ɗaki ɗaya, wancan kuma ya kira likita yau kada ya bari gobe. Babu wanda ya ɗora mata wannan aikin. Abin da aka ɗauke ta ta yi shi ne ta ce naman nan a ci, wancan a zubar. Amma ita takan ce huhu ba ya ƙarya, kuma zalunci ne ya gaya mata abu ta bar mai gona cikin duhu. Wasu sukan aiko mata da kwandon lemo, wasu su aiko da zagi. Lemon nakan kai mata, zagin in zubar a hanya.

Wanda ba ya kiwo a cikinku bai san maganar Litinin da Juma'a ba, ita ce kuwa gindin labarin. Tarin aladu yana bin mota, yana bin takalmi, yana bin iska. Don haka nakan wanke motata fes ranar Asabar, ta wuni Lahadi a rana tana bushewa, ranar Litinin in fara da gonar da ta fi kowace tsabta. Sati na tafiya ina gangarowa, har Juma'a, ranar gonakin da tari ya zama ɗan gida. Ba ni nake tsara wannan ba, likitar dabbobi ce, bisa abin da huhu ya nuna a mayanka. Duk wanda ya ga motata a ƙofarka ya san matsayinka. A mashaya in ana son a ɓata wa makiyayi rai ba sai an je da nisa ba, a ce masa ɗan Juma'a ya wadatar.

Litinin kuwa ta gidan Pahl ce tun kafin in mallaki mota. Marigayi Clarrie Pahl ya ƙare rayuwarsa yana zaɓen iyayen garkensa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe gonar, baƙon alade ba ya shiga. Daga wurinsa duk yankin nan ake sayen 'yan matan aladu na iri, don an san ba sa zuwa da tari. Ya bar 'ya'ya biyu. Auta shi ne Warrick, wanda ya gaji gonar. Babbar ita ce Glenys, wadda ta koma Kuchel da ta yi aure.

Ranar wata Litinin cikin sanyin Yulin bara, don mu a nan lokacin ne hunturu, aladun Warrick ne suka buɗe layi kamar kullum. Sione ya ce yana kallonta ta damƙi huhun farko ta sake shi, ta damƙi na biyu, a na uku sai hannunta ya tsaya. Ta sake matsawa. Ta zare shi daga ƙugiya ta ajiye a faranti, can gaba ta ƙara wani, ta ƙara wani. Ya ce a ido babu abin da za ka gani, amma fuskar Anti ta gaya masa komai. Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce ta bari ya wuce mana, tunda naman lafiyarsa ƙalau.

Gaskiya Sione ya faɗa. Naman ba shi da aibu ko kaɗan. Da ta jefa huhun a kwandon shara ta buga hatimi, ta cika aikinta, kuma babu mahalukin da zai sani. Sai ta ce masa, "Naman lafiya yake. 'Yan matan da zai raba wa gonakin mutane ranar Laraba fa?"

A hutun shayi ta kira Dakta Linh Tran, likitar da ke kula da garkunan yankinmu. Linh ta zo ta taɓa abin da Glenys ta taɓa, ta yanki abin da za ta aika ɗakin gwaji a Adelaide, ta ce a dakatar da fitar da iri har a ji.

Da yammacin ranar na biya ta gonar karɓar wani allon tura aladu da na manta, ina tsaye a bakin titi Warrick yana miƙo mini ta kan shinge, sai ga tsohuwar motar Glenys. Ba ta bari ya ji a bakin wani ba. Ta fito ta tsaya a wajen ƙofar ƙarfe, ta ce, "Auta, kada ka fitar da ko ɗaya ranar Laraba. Na taɓa wani abu a huhunka yau."

Ya yi dariya ya ce huhunsa garau yake, shi ko sigari ba ya sha. Da ya ga ba ta yi dariyar ba sai ya ce shi da yake wuni a cikinsu bai ji alade ɗaya ya yi tari ba. Ta ce zai ji, ciwon bai daɗe da shiga ba. Da ta ambaci sunan Linh kuwa sai fuskarsa ta sauya.

"Kin kira likita kafin ki kira ni?"

"Na kira."

"Gonar Baba ce fa, Yaya."

"Shi ya sa."

Ya yi huci, sa'annan ya faɗi maganar da har yau in na tuna sai raina ya sosu. "In ma akwai shi, ke kika kawo mana. Wa ke wuni cikin ƙazantar aladun kowa in ba ke ba?"

Na jira ta rama, don Glenys ba ta rasa baki. Ta ɗan jima riƙe da ƙarfen ƙofar, ta saki, ta shiga mota. Gwaji ya dawo ya tabbatar da abin da hannunta ya ji. Ta ina ciwon ya shiga, har yau ba wanda ya sani. Linh ta ce iska kaɗai tana iya ɗauko shi daga nesa. Kafin wata ya ƙare tari ya cika rumfunan, ana jinsa tun daga titi.

Ranar da na fara karya kan motata na shiga gonar Pahl a Juma'a, ji na yi kamar na je cin mutunci. Motoci suna rage gudu a titi don a tabbatar. Warrick ya loda mini aladu bai ce mini sannu ba. A coci shi da matarsa Janelle suka sauya benci don kada su zauna kusa da Glenys. Kirsimeti ta zo, aka yi gashin nama a gonar, Glenys da mijinta suka ci nasu su biyu a bayan gida. Wasu a gari suka ce ta yi wa ƙaninta baƙin ciki ne don shi aka bar wa gona. Maganar ta kai kunnenta, ta kuma tashi da asuba ta tafi aikinta.

Ke ce, Glenys, kika shanye wannan duka ba ki kai ƙara wurin kowa ba. Ke ce kika tare 'yan matan Laraba a ƙofa, har ya zama babu gona ɗaya da ta ɗauki ciwon daga gidan ubanki. Waɗanda suka yi ta kiran ƙaninki ɗan Juma'a suna ƙyaƙyata dariya, da kin yi shiru ran nan da dukansu a Juma'a zan riƙa ɗaukarsu, har ranar ta yi mini kaɗan. Ba su sani ba, ke kuma ba ki faɗa ba. To ni yau na faɗa.

Linh ta shimfiɗa wa Warrick hanya biyu. Ta farko, a loda garken gaba ɗaya a motata har iyayen, a wanke gona, a sayo sabon iri daga wani wuri. Wannan ba ta da shakka, sai dai jinin da Clarrie ya tara ya ƙare ke nan. Ta biyu, a kwashe duk ƙananan da ba su kai wata goma ba, don a jikinsu ciwon yake zama, a dakatar da haihuwa na ɗan lokaci, a ba iyayen magani a abinci, a wanke kowane lungu. Daga nan a jira 'ya'yan farko su girma su je mayanka, huhunsu ya yanke hukunci. In ya nuna ciwo, an koma hanya ta farko.

Ta biyun ya ɗauka. Cikin zafin Janairu na yi ta jigilar ƙanana har rumfuna suka koma wayam, shi da Janelle suna wanki har fatar hannunsu ta saɓule. Ranar da na ɗauki lodin ƙarshe ya jingina da motata ya yi mini magana, karon farko cikin watanni. Ya ce in wannan bai yi ba, ba zai kawo aladun wani cikin rumfar ubansa ba. Zai rufe ƙofa ne, kuma ni zan zo in kwashe iyayen. Na dubi tsofaffin nan suna kwance a ciyawa ba su san ana maganarsu ba. Na kai dubban aladu mayanka ban taɓa jin komai ba, amma wannan lodin na roƙi Allah kada ya nuna mini shi.

Ritayar Glenys ta kama tun watan Maris, kafaɗarta ta dama kuwa ta daɗe tana damunta. Sai ta nemi a bar ta ta ƙara 'yan watanni. Na tambaye ta dalili, na ce ko azabar ce ba ta ishe ta ba. Ta ce ita ta fara, ita za ta ƙarasa, kuma in labarin ya zo da muni ba ta son wani ne zai ɗauki nauyin faɗa wa Auta. Ta kuma roƙi Linh ta tsaya kusa da ita ranar, ta taɓa duk abin da ta taɓa, don kada gobe a ce ta rufa wa ƙaninta asiri.

Ranar ta zo a watan jiya, Juma'a, tunda har lokacin gonar a Juma'a take. Gwajin jini ya riga ya fito da kyau, amma Linh ta ce maganar ƙarshe ta huhu ce. Na sauke aladun, kyawawa masu sheƙi, na zagayo ta gaba, sai na yi turus. Motar Warrick ce a wurin ajiye motoci.

Ku gane nauyin wannan. Duk wanda ya taka mayanka, ko ya taɓa aladun wani, sai ya kwana uku kafin ya shiga rumfa mai tsabta. Shi ya sa mai irin gonar Pahl ba ya zuwa mayanka ko da kuskure. Warrick ya bar wa Janelle aikin kwana uku ita kaɗai ya taho. Aka ara masa fararen kayan da suka ɗage masa, ƙwaurinsa a waje. Sione na ganinsa ya ce, "Anti, an kawo mana sabon ma'aikaci, in ba shi tsintsiya?"

Glenys tana wasa wuƙa, ba ta juyo ba. Ta ce a gaya wa baƙo ya tsaya bayan jan layi kada jini ya fallatsar masa. Na je na tsaya kusa da shi.

Sarƙa ta tashi. Huhun farko ya iso, ruwan hoda, ta damƙa hagu ta damƙa dama, ta tura wa Linh, Linh ta matsa ta gyaɗa kai. Sione ya ce, "Fes." Na biyu ya zo, ya ce fes. Kafin a yi nisa mai tsaga ƙirji ya karɓa, mai wanki ya karɓa, har matan da ke can ƙarshen layi, waɗanda ba su taɓa ganin Warrick ba, suna amsawa. Ni kaina na tsinci bakina yana faɗa. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, huhu bayan huhu suna tahowa suna lilo, babu tabo babu mannewa. Idon Linh yana dariya ta saman ƙyallen fuskarta. Sione ya fara kaɗa kafaɗa yana rera wata waƙar cocinsu. Warrick ya damƙi hannuna har sai da na ce ya sassauta, da shi nake tuƙi. Glenys kaɗai ce ba ta ce fes ba ko sau ɗaya, hannunta dai yana aiki.

Saura kaɗan a gama sai ga wani ya taho da duhu a gefe ɗaya. Tun daga nesa kowa ya gan shi. Waƙar Sione ta mutu a bakinsa. Glenys ta danna maɓalli sarƙa ta tsaya, wurin ya yi tsit in ban da ƙarar ruwan famfo. Na ji hannun Warrick ya saki nawa.

Ta sauke huhun ta tsaga maƙogwaron, sai ruwa mai ɗumi ya gangaro. Bayan an yanka alade akan tsoma shi a tankin ruwan zafi don gashi ya tuge, wani lokaci ruwan ya bi maƙogwaro ya shiga huhu ya ɓata masa launi. Ta yanki wurin duhun ta jefa a bokiti. Huhu mai ciwo nitsewa yake yi. Wannan ya yi lilo a saman ruwa, ya tsaya. Linh ta matsa nata ɓangaren da kyau ta ce ita ma ruwan tanki take gani. Kowa ya sauke numfashi, Sione har ya miƙa hannu zai tayar da sarƙa.

Glenys ba ta saki huhun ba. Ta ce, "Ruwan tanki ne, haka hannuna ya ce. Amma yau hannun nan so yake ya zama ruwan tanki, don haka ban yarda da shi ba."

Sai ta ɗago ta dubi ƙaninta, karon farko tun da ya shigo. Aikawa gwaji na nufin ƙarin sati a Juma'a, da ƙarin sati na rashin barci, kuma in gwajin ya ga abin da hannu bai ji ba, shi ke nan iyayen sun hau motata. Na san halin Warrick, na gyara tsayuwa don in riƙe shi in ya fashe. Sai ya ce, "Ki aika, Yaya. In kina so ki aika duka."

Ni a wurina tun daga nan aka ci nasara, sauran jiran takarda ne kawai. Amma satin ya yi mini tsawo, abinci ma ba ya shiga. Ina kan hanyar Karoonda wayar Linh ta same ni. Ba ta ko gaishe ni ba, cewa ta yi, "Merv, ka wanke motar nan da kyau ranar Asabar. Litinin gidan Pahl za ka fara." Na gangara gefen titi na ɗora hannu a kan hon ɗin mota na ƙi ɗagawa, tumakin wani bawan Allah suka watse cikin gona. In mai su yana karanta wannan, ya yi haƙuri, murna ce.

Ranar Juma'ar ritayarta aka haɗa tebura a ɗakin shan shayi, aka yi gashin nama, matan layi suka kawo kek, Sione ya ƙarasa waƙar da ta maƙale masa. Ana cikin haka Warrick ya miƙe. Mutum ne da ba ya iya magana a taro, hularsa ya yi ta murɗawa.

Ya ce, "Na ce ita ta kawo mana ciwo. Lokacin da nake faɗa na san ba haka ba ne. Yayata ta fi ni son aladun nan, tare da Baba suka raini kakanninsu tun tana 'yar makaranta. Amma tun ranar da ta kama aikin nan ba ta ƙara wuce ƙofar shingen ba. Kwana ukunta ranar Litinin da asuba yake cika, lokacin kuwa tana nan tsaye. Ko a hutun shekara in Baba ya ce ta shigo, sai ta ce ba ta yarda da motarta ba, ba ta yarda da gashin kanta ba." Ya juya wajenta. "Yaya, ki yafe mini. Yau Juma'a. Ki ƙirga uku."

Glenys ta ce ya zauna yana ba ta kunya a gaban mutane, ta jawo gefen rigarta ta goge ido. Ni ban tsaya neman gefen riga ba.

Glenys, 'yar Clarrie, mai hannun da ba ya karɓar roƙo, mun gode. Makiyayan da kika aika wa saƙo suka ji haushi suka kuma gyara sun gode, ko ba su iya faɗa ba. Masu cin naman da ba su san da ke ba sun gode. Ku kuma da kuke tsaye a kan layi yanzu, da masu duba kowane irin abu a madadin jama'a, ku koyi wannan daga wurinta. Ku taɓa da hannunku kada ku wadatu da kallo, abin da kuka ji ku faɗa ko na gidanku ne, kuma ranar da zuciyarku ta fi son wata amsa, ranar za ku fi tuhumar kanku.

Ranar Litinin na biya na ɗauki Glenys a gaban mota, motar tana ƙamshin sabulu. Duk hanya tana rungume da filas ɗinta. A bakin shinge ta shiga ɗakin wanka na gonar, ta fito cikin shuɗin kayan aikin Janelle, Warrick ya buɗe mata ƙofar ƙarfen da hannunsa. Ni iyakata matakalar lodi, amma rumfar iyayen tana kusa, gefenta a buɗe, ina ganin komai.

Wata tsohuwar uwa tana kwance a ciyawa ta miƙe ƙafafu. Glenys ta durƙusa a hankali saboda gwiwa, ta ɗora tafin hannunta a haƙarƙarinta. Hannun yana hawa yana sauka. Ta daɗe a haka, har Warrick ya fara tsarguwa, ya matso ya ce, "Yaya, lafiya? Me kika ji?"

Ta ce, "Yi shiru, Auta. Na manta yadda huhu yake in yana aiki."